Appium 2 da Dokar Ruwa Biyu: Bitar Yadda Yake Raɗa wa Sharuɗɗan Gwaji Suna

Duk wanda ya taɓa rubuta gwaji mai sarrafa kansa domin manhajar waya ya san cewa kafin a kai ga danna maɓalli ko ɗaya a fuskar wayar, sai an fara aika wa saba, wato manhajar da ke karɓar umarnin gwaji tana isar da shi ga waya, wata 'yar takardar buƙata, wadda a cikinta ake bayyana irin na'urar da ake so, da tsarin da ke tafiyar da ita, da manhajar da za a buɗe, da tsawon lokacin da za a jira kafin a yanke ƙauna. Masu wannan sana'a suna kiran abubuwan da ke cikin takardar da capabilities, ni kuwa zan kira su sharuɗɗa a nan, domin a kansu ake ƙulla zaman gwaji, kuma idan ba a cika su ba zaman ba ya buɗuwa. Wannan bita ta Appium 2 ce, siga ta biyu ta manhajar da ake gudanar da irin wannan gwaji da ita, amma ba zan bi ta kan saurinsa ko yawan na'urorin da yake iya sarrafawa ba. Abin da na sa a gaba shi ne sunayen da yake bai wa sharuɗɗan, saboda a nan ne mai amfani da shi yake fara haɗuwa da shi, kuma a nan ne mafi yawan waɗanda suka ƙaura daga tsohuwar siga suka fara yin tuntuɓe.

Appium manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, tana tafiya a kan Node.js, kuma lasisinta Apache 2.0 ne. Dan Cuellar ne ya fara ta a 2011 domin sarrafa manhajojin iOS, kamfanin Sauce Labs ya ɗauki ɗawainiyarta a 2013, siga ta 1.0 ta fito a 2014, sannan a 2016 aka miƙa aikin ga gidauniyar JS, wadda daga baya ta zama OpenJS. Siga ta 2.0 ta fito a watan Yulin 2023 bayan doguwar jira, kuma ta zo da sauye-sauye uku da kowa ya ji a jikinsa: an raba direbobi, wato sassan da ke sarrafa kowane irin na'ura, da saba ta yadda sai mutum ya girka uiautomator2 na Android ko xcuitest na iOS da kansa, an sauya adireshin saba daga /wd/hub zuwa tushe kawai, sannan aka daina karɓar tsohuwar yarjejeniyar JSON Wire, aka tsaya kan ƙa'idar WebDriver kaɗai, ta hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Na ukun nan shi ne ya jawo zancen suna.

Domin a gane abin da aka gyara, sai an tuna yadda lamarin yake a da. A ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniyar, wadda ta fito daga aikin Selenium na gwada shafukan intanet a burauza, ana tura jaka guda mai suna desiredCapabilities, kuma kowa yana jefa abin da ya ga dama a cikinta. Akwai sharaɗi mai suna version, wanda bai faɗi ko sigar burauza yake nufi ko ta na'ura ba, akwai platform, Chrome ya saka chromeOptions, Firefox yana da firefox_profile, kamfanin hayar na'urorin gwaji BrowserStack ya zo da os_version da browserstack.local, Appium kuma ya zuba nasa deviceName da app da sauransu, duk a jaka ɗaya, wani da tozon raƙumi, wato babban baƙi a tsakiyar suna, wani da layin ƙasa, wani da aya. Idan buƙata ta ratsa ta hannun masu shiga tsakani biyu ko uku kafin ta isa na'ura, babu wanda zai iya duban suna ya ce ga mai shi. Idan kamfanoni biyu suka raɗa wa abubuwa biyu mabambanta suna ɗaya, sai dai wanda ya fara karantawa ya fassara shi yadda ya fahimta.

Ƙa'idar WebDriver, wadda Simon Stewart da David Burns suka shirya, ta samu cikakkiyar amincewar W3C a watan Yunin 2018, kuma maganin da ta kawo ɗan gajere ne. Ta ware sunaye kusan goma ta ce su ne na kowa da kowa, irin su browserName, browserVersion, platformName, acceptInsecureCerts, pageLoadStrategy, proxy, setWindowRect, timeouts da unhandledPromptBehavior, daga baya kuma aka ƙara strictFileInteractability da webSocketUrl. Duk wani suna da ba ya cikin waɗannan, dole ne ya ɗauki ɗafa-goshi da ke nuna mai shi, a raba su da alamar ruwa biyu. Daga nan ne aka samu goog:chromeOptions na Google, da moz:firefoxOptions na Mozilla, da ms:edgeOptions na Microsoft, da se: na Selenium, da appium: na wanda muke magana a kansa. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin ita ce wadda makarantun kwana na da suka yi amfani da ita sa'ad da aji ya cika da takwarori, aka riƙa maƙala wa kowane yaro sunan garinsu, har muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Bambancin kawai shi ne a nan sunan garin ne yake zuwa gaba.

A kan wannan doka, Appium 2 ya ci yabo, kuma ba ƙaramin yabo ba. Tsohuwar siga tana lamuntar sunan da ba shi da ɗafa-goshi, ita kuwa sabuwar tana ƙin buɗe zama ɗungurum, tare da saƙon da ke cewa duk sharaɗin da ba na ƙa'ida ba sai ya ɗauki ɗafa-goshi, sannan ta jero sunayen da suka saɓa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsauri ya fusata mutane da yawa a farkon ƙaura, amma ni ina ganin shi ne daidai, domin kuskuren da aka kama a ƙofa, aka kuma faɗi sunansa, ya fi wanda aka bari ya shiga ya ɓoye. Yanzu idan na buɗe fayil ɗin gwajin da wani ya rubuta, kallo ɗaya ya isa in raba shi gida uku: abin da ba shi da ruwa biyu na ƙa'ida ne kuma ma'anarsa ɗaya ce ko'ina, abin da ya fara da appium: takardun direba ne za su bayyana shi, abin da ya fara da bstack: ko sauce: kuma na kamfanin da ke hayar na'urori ne. A da sai mutum ya bi takardu uku yana laluben inda suna ya fito.

Masu aikin sun kuma yi tunanin gajiyar hannu. Wanda yake da sharuɗɗa ashirin ba sai ya rubuta appium: sau ashirin ba, yana iya tara su cikin jaka guda mai suna appium:options, inda sunayen ke zama ba ɗafa-goshi, kuma idan suna ɗaya ya bayyana a waje da ciki, na cikin jakar ne yake rinjaye. Manhajar Appium Inspector, wadda ake leƙa sassan fuskar waya da ita, tana da zaɓin da ke maƙala ɗafa-goshin da kanta a lokacin buɗe zama. Laburaren harsunan shirye-shirye ma sun bi sahu: a Java akwai UiAutomator2Options da XCUITestOptions, inda mutum yake kiran setDeviceName ko setApp, laburaren kuma ya haɗa cikakken sunan a ɓoye, haka ma a Python. Wannan hanya ta ƙarshe ita na fi ba da shawara, domin tana mayar da kuskuren rubuta suna ya zama kuskuren da editan rubutu zai ja wa layi tun kafin a kunna gwajin. Ta ma zama kamar dole ga masu Python tun da Selenium 4.10 ya cire desired_capabilities daga hanyar buɗe direba a tsakiyar 2023.

Haka nan an yi watsi da tsohuwar kalmar desired, wadda ke nuna fata kawai, aka maye gurbinta da alwaysMatch da firstMatch. Na farko shi ne abin da dole a cika, na biyu kuma jerin zaɓuɓɓuka ne da ake gwadawa bi da bi har a samu wanda ya dace, kuma idan suna ɗaya ya shiga wuraren biyu, ana mayar da buƙatar a matsayin mara inganci. Sunayen nan biyu sun faɗi aikinsu, ba ni da ƙorafi a kansu, kuma yawancin masu gwaji ba za su taɓa rubuta su da hannu ba tunda laburare ke yi.

To, a nan yabon ya tsaya, domin dokar ruwa biyu ta warware tambayar wane ne mai suna, amma ba ta ce komai ba game da abin da ke bayan ruwa biyun, kuma Appium ya kwaso sunayen da ya tara cikin shekara goma ya maƙala musu ɗafa-goshi kamar yadda suke, ba tare da ya sake duba ko suna faɗin gaskiya ba.

A fara da wanda kowane sabon shiga yake cin karo da shi a rana ta farko. Sunan tsarin na'ura ana rubuta shi platformName, ba ɗafa-goshi, amma sigar tsarin sai an rubuta appium:platformVersion. 'Yan biyu ne a ma'ana, a layi biyu masu bin juna, ɗaya da hula ɗaya ba hula. Dalilin shi ne ƙa'idar W3C an gina ta ne domin burauza, don haka ta tanadi browserName da browserVersion da platformName, ba ta tanadi sigar tsarin na'ura ba. Wannan ba laifin Appium ba ne, gadon ƙa'idar ne, sai dai yana nuna cewa gwajin manhajar waya ɗan haya ne a gidan da aka gina wa wani. Babu wata hanyar gano wane suna ne ke buƙatar ɗafa-goshi ta hanyar duban ma'anarsa, sai dai mutum ya haddace gajeren jerin na ƙa'ida ya san duk abin da ya rage na Appium ne.

Wanda ya fi damuna shi ne appium:deviceName. Duk mai hankali da ya ga wannan suna zai ɗauka da shi ake zaɓar na'ura, kuma a iOS haka ne, domin da shi direban XCUITest yake zaɓar wayar kwaikwayo da za a kunna. A Android kuwa, takardun direban UiAutomator2 da kansu sun bayyana cewa ba a amfani da shi wajen zaɓar na'ura, sun ce a yi amfani da appium:udid domin wayar gaske, ko appium:avd domin ta kwaikwayo. Wato mutum yana iya jona wayoyi biyu a kwamfutarsa, ya rubuta sunan ɗaya a deviceName, gwajin ya tafi kan ɗayar, kuma babu wani saƙon kuskure. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mai gina manhaja a Kano ko Maraɗi ya fi yin gwaji a kan wayoyin gaske da ya jona da kebul, irin su Tecno da Infinix da itel waɗanda su ne a hannun abokan cinikinsa, ba a kan na'urorin haya da ake biya da dala ba. Shi kansa udid ɗin aro ne daga duniyar Apple, inda yake nufin lambar shaidar na'ura, aka ɗora shi a kan abin da Android ke kira lambar siriyal, wadda umarnin adb devices yake nunawa (adb ita ce manhajar da kwamfuta ke magana da wayar Android da ita). Suna ɗaya yana alkawarin abin da ba ya yi, wanda ke yin aikin kuma yana amsa sunan gidan maƙwabta.

Sai batun ma'aunin lokaci, wanda a ganina shi ne aibi mafi haɗari a cikin duka. Ƙa'idar W3C tana auna lokaci da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa: 30000 domin rubutun da ake gudanarwa a shafi, 300000 domin lodin shafi. Yawancin sharuɗɗan Appium ma haka suke, appium:adbExecTimeout yana kan 20000 idan ba a sauya ba, appium:wdaLaunchTimeout yana kan 60000. Amma appium:newCommandTimeout, wanda kusan kowa ke amfani da shi, da daƙiƙa ake auna shi, kuma yana kan 60. Duk sun ƙare da kalma ɗaya, babu wanda sunansa ya nuna mudun da ake awo da shi. Wanda ya rubuta 60000 a newCommandTimeout da nufin minti ɗaya, ya umarci saba ta riƙe zaman da aka yi watsi da shi har awa 16 da minti 40, tare da na'urar da zaman ya kama. Wanda kuma ya rubuta 60 a adbExecTimeout da nufin minti ɗaya, ya ba umarnin ƙasa da ƙiftawar ido, sai ya ga gwaji yana faɗuwa da kurakuran da ba su da alaƙa da manhajarsa. Da an ƙara haruffa biyu ko uku a ƙarshen suna da ke nuna ma'auni, da an huta, kuma lokacin ƙaura zuwa siga ta 2, da kowa yake sake rubuta sunayen dole, shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi hakan. An bar damar ta wuce.

Akwai kuma sunayen da aka gina kan korewa. Halin da manhaja za ta kasance a ciki kafin gwaji da bayansa yana da matakai uku ne: a bar ta da bayananta, a share bayanan kawai, ko a tumɓuke ta gaba ɗaya. Maimakon sharaɗi guda mai zaɓi uku, kamar yadda ƙa'ida ta yi wa pageLoadStrategy da normal da eager da none, sai aka yi sharuɗɗa biyu na e ko a'a, appium:noReset da appium:fullReset, waɗanda ke ba da haɗi huɗu, ɗaya daga ciki haramtacce ne domin saba tana ƙin zaman idan aka kunna duka biyun. Mataki na tsakiya, wanda shi ne ake samu idan ba a ce komai ba, ba shi da suna kwata-kwata. Idan mutum ya ga noReset an sa masa false, sai ya tsaya ya warware korewa biyu a ransa kafin ya gane ana nufin a share. Ga kuma appium:dontStopAppOnReset da appium:noSign da appium:skipUnlock da appium:disableWindowAnimation da appium:ignoreHiddenApiPolicyError, kalmomi biyar mabambanta na cewa kada a yi, kowace ta fito daga hannun wanda ya ƙara ta a ranar da ya buƙace ta.

Rashin daidaiton manya da ƙananan baƙaƙe ƙaramin abu ne a ido, amma sunayen sharuɗɗa suna bambanta baƙi babba da ƙarami, don haka yana cizo. WebDriverAgent, manhajar da Facebook ya fara ginawa wadda Appium ke dasawa a cikin iPhone domin sarrafa ta, ana taƙaita sunanta da ƙananan baƙaƙe a appium:wdaLocalPort, da manya a appium:useNewWDA, sannan a tsakiyar appium:updatedWDABundleId. Ana iya cewa dokar tozon raƙumi ce ta tilasta na farkon tunda a farkon suna ya zo, amma wannan bayani ba ya taimakon wanda yake rubutawa da ka. Darajojin ma haka suke: juyin fuskar waya ana rubuta shi PORTRAIT ko LANDSCAPE da manyan baƙaƙe, direba ana girka shi da sunan uiautomator2 amma a takardu ana kiransa UiAutomator2 a cikin appium:automationName, ko da yake a wannan wuri saba tana karɓar kowanne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na harshe da yanki. Mai son gwada manhajarsa da Hausa a Android zai sa ha a appium:language, ya sa NG ko NE a appium:locale, amma a iOS wannan locale ɗin yana son harshe da ƙasa a haɗe, irin ha_NG. Suna ɗaya ne, ɗafa-goshi ɗaya ne, abin da ake zubawa a ciki kuma ya bambanta.

Wannan misali ya tono wata matsala da ta fi zurfi. Tunda siga ta 2 ta raba direbobi da saba, kowane direba ya zama aiki mai cin gashin kansa, da masu kula da shi da lokacin fitowarsa, to ɗafa-goshin appium: ya daina nuna ainihin mai suna. Sharaɗin appium:avd na direbobin Android ne, appium:xcodeOrgId na XCUITest ne, appium:newCommandTimeout na saba ne gaba ɗaya, amma duk tambari ɗaya suke ɗauke da shi. Jakar da W3C ta fasa a 2018 ta sake haɗuwa, sai dai yanzu ƙarama ce kuma tana cikin gida ɗaya. Abin lura shi ne masu aikin sun san wannan, domin a wani ɓangaren sun bi hanyar da ta fi: izinin ayyuka masu haɗari, irin buɗe adb_shell, yanzu ana rubuta shi da sunan direba a gaba, uiautomator2:adb_shell, kuma Appium 3 da ya fito a 2025 ya mayar da hakan wajibi. Sharuɗɗan zama ne ba su samu wannan gata ba.

Idan aka leƙa waje da sharuɗɗa kuma, za a ga Appium yana da salon ɗafa-goshi har uku. Sharuɗɗa suna ɗaukar appium: ba tazara, umarnin musamman suna ɗaukar mobile: da tazara bayan ruwa biyu, kamar mobile: swipeGesture, hanyoyin neman sassan fuska kuma suna farawa da karan ɗori, kamar -android uiautomator da -ios predicate string. Kowanne yana da tarihinsa, amma mai koyo ba tarihi ya zo nema ba. Ƙari a kan haka, amsar da saba ke mayarwa bayan buɗe zama tana ɗauke da sunayen a tuɓe, ba ɗafa-goshi, don haka abin da aka aika a matsayin appium:deviceName sai a karanto shi a matsayin deviceName.

Wani giɓi da ya kamata mai amfani ya sani shi ne tsaurin da na yaba a sama ya tsaya a kan ruwa biyu ne kawai. Idan suna ya ɗauki appium: amma aka yi kuskuren harafi a bayansa, saba ba ta ƙin zaman, tana rubuta gargaɗi ne a cikin bayanan aikinta cewa ba ta gane wannan sharaɗi ba, sannan ta ci gaba kamar ba a aiko shi ba. Wanda ya rubuta appium:noreset da ƙaramin r zai ga bayanan manhajarsa sun share, bai san dalili ba, sai idan ya zauna ya karanta ɗaruruwan layukan da saba ke fitarwa. Akwai magani, wato kunna saba da --strict-caps, wanda ke sa ta ƙi duk sharaɗin da direba bai sani ba. Ina ganin ya kamata duk ƙungiyar da ke gudanar da sabarta ta gwada kunna shi, ko da a kan gwajin dare ne kawai.

Domin adalci, Appium ba shi kaɗai ne ke da wannan hali ba, kuma idan aka jera shi da maƙwabtansa ba shi ne mafi muni ba. A ɓangaren burauza, darajar browserName tana zuwa chrome da firefox da safari da ƙananan baƙaƙe, sai MicrosoftEdge a haɗe da manya biyu, sai internet explorer da tazara a tsakani. ChromeDriver bai mayar da ƙa'idar W3C ta zama hanyarsa ta asali ba sai a siga ta 75 a 2019, kuma a lokacin ne loggingPrefs ya koma goog:loggingPrefs. Wanda yake gwada manhaja mai shafin intanet a cikinta a Android zai tarar da appium:chromeOptions a takardun UiAutomator2, alhali ya saba da goog:chromeOptions a kwamfuta. Kamfanonin hayar na'urori kuwa sun bi dokar a zahiri, kowa ya buɗe jakarsa, bstack:options da sauce:options da LT:Options mai manyan baƙaƙe, amma a ciki BrowserStack yana cewa userName da buildName da sessionName, Sauce Labs yana cewa username da build da name. Abu ɗaya ake nufi, don haka wanda zai sauya kamfani sai ya sake rubuta jakar daga farko. Ribar da dokar ta kawo a nan ita ce aƙalla ya san jaka ɗaya ce zai taɓa, sauran fayil ɗin yana nan yadda yake.

Akwai wata suka da ake iya yi wa tsarin ɗafa-goshi daga tushe, kuma ba sabuwa ba ce. Masu tsara shafukan intanet sun sha wahalar -webkit- da -moz- da -ms- a CSS, inda abu ɗaya ake rubuta shi sau huɗu, kuma hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da takardar RFC 6648 a 2012 tana hana ci gaba da sa X- a gaban sunayen da ba su zama ƙa'ida ba, bisa hujjar cewa duk ranar da irin wannan suna ya karɓu, sai a rasa yadda za a cire masa alamar ba tare da an karya abin da aka gina a kansa ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma za ta kama platformVersion idan wata rana W3C ta shigar da shi cikin jerinta. Duk da haka ina ganin halin da ake ciki a nan ya bambanta, domin mafi yawan sharuɗɗan Appium ba masu neman zama ƙa'ida ba ne. Babu ranar da xcodeOrgId zai zama abin da Firefox ke buƙata. Alamar X- tana cewa ne wannan suna bai balaga ba, ita kuwa appium: tana cewa ga wanda za a tambaya, kuma wannan bayani ba ya tsufa.

Hukuncina shi ne Appium 2 ya cancanci a koma kansa, kuma wanda har yanzu yake kan siga ta 1 yana tara wa kansa bashi ne, tunda an daina kula da ita, laburaren zamani kuma sun daina magana da tsohuwar yarjejeniya. Aikin sauya sunaye ba shi da wuya: ƙaramin aiki mai fayil ɗaya na sharuɗɗa yana ƙarewa a zama guda, wanda kuma ya warwatsa sharuɗɗansa a wurare da yawa ya samu dalilin tara su wuri ɗaya. A kan bin ƙa'ida da bayyana kuskure a ƙofa na ba shi cikakken maki. A kan ma'anar sunayen da ke bayan ruwa biyu kuwa, matsakaici ne, kuma kada mai amfani ya amince da suna har sai ya karanta layinsa a takardun direban da yake amfani da shi, ba takardun Appium na gaba ɗaya ba. A fayilolin da nake kula da su, kowane sharaɗin lokaci yana da ɗan bayani a gefensa da ke cewa daƙiƙa ko milisakan, deviceName na Android ina barinsa ne a matsayin laƙabin da zai fito a rahoto, udid kuma ina karanto shi daga adb a duk lokacin da za a fara gwaji.